Tsadar Makwanci da Abinci a Jami'a: Halin Ɗaliban Tambuwal da Kebbe

A shekarar 1978, ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibi na yini, daga naira ɗaya da rabi zuwa naira 2, ya haddasa boren "Ali Must Go", inda aka rasa rayuka a Legas da Zariya. A tsakiyar shekarun 1980 gwamnatin tarayya ta janye tallafin ciyarwa a jami'o'inta, nauyin ya koma kan iyaye.

Wannan nauyi ya fi danne ɗalibin da ya fito daga nesa. Ɗan Tambuwal ko Kebbe da ke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ba ya iya kwana gida kamar ɗan birnin Sakkwato. In bai sami gado a ɗakunan kwanan jami'a ba, sai ya kama haya a garuruwan kewaye, irin su Dundaye. Guzurinsa kuwa, gero da shinkafa da ƙuli-ƙuli, daga gida yake fitowa. Saboda haka, duk shekarar da damina ba ta yi albarka ba, yunwa kan bi shi har aji.

Tun 2024, rancen NELFUND na naira 20,000 a wata yana rage raɗaɗi. Sai dai bashi ne da za a fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa.