Cika-ciki: Yadda Yara Ke Shiga Sabuwar Shekara a Gidan Bahaushe

Ranar 1 ga Muharram ba ta da hayaniya a gidan Bahaushe. Fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato takan sanar da ganin wata, jihohi irin su Kano da Jigawa da Sakkwato su ba da hutu, manya su yi wa juna barka da shiga sabuwar shekara, 'yan Islamiyya su fita zagayen gari cikin kayan makaranta. Amma yaron da bai wuce shekara biyar ko shida ba, bai san shekara ta juya ba sai ranar da ya ga uwarsa ta sauko da jelar ragon layya daga inda ta rataye ta.

Tun ranar Babbar Sallah ake shirin daren Cika-ciki, wato na 10 ga Muharram. Idan an feɗe rago, uwargida takan ware jela, wani gidan har da kai da ƙafafu, ta babbake, ta barbaɗa gishiri, ta rataye a madafi inda hayaƙi zai riƙa bugunsu. Daga 10 ga Zulhajji zuwa 10 ga Muharram wata guda ne cur, kuma duk tsawon watan nan yara na zagayen wurin suna tambaya, ana ce musu, "Ba yanzu ba, sai Cika-ciki." Ina ganin wannan jira shi ne darasin farko da yaro ke samu game da lissafin watanni, tun kafin malam ya gaya masa cewa Sayyidina Umar ne ya tsayar da ƙidayar Hijira, aka fara ta daga ƙaurar Manzon Allah (SAW) zuwa Madina a shekarar 622, ko ya ji cewa shekarar tana da kwana 354 ko 355, abin da ya sa take ja baya da kamar kwana 11 kowace shekara. Shi ya sa Cika-cikin da uwa ta yi a cikin sanyin hunturu tana yarinya, ɗanta yake yin sa da damina.

Manya suna azumin Tasu'a da Ashura, wato tara da goma ga wata, don tunawa da ranar da Allah ya tserar da Annabi Musa da mutanensa daga Fir'auna. Yara ƙanana kuwa babu azumi a kansu, sai dai na rabin yini da wasu ke ɗauka don kada a bar su a baya. Aikinsu aike ne. Tun la'asar an ɗora babbar tukunya, ta biki, tuwon shinkafa ko na dawa na sulala, naman ya sha wuta har ya saki ƙashi a cikin miyar taushe ko ta kuka. Wanda yake da hali ya ƙara da kaji. Kafin magariba an fara rabon kwanuka: wannan na Gwaggo, wannan na gidan Kawu, wannan na maƙwabciyar da mijinta ya rasu, wannan na almajiran ƙofar gida. Yarinya ta ɗora kwano a ka, ƙanenta na biye, su dawo da wani kwanon daga can. A wannan dare ba a son a ji wani ya kwana da yunwa a unguwa.

Sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Yau babu mai cewa yaro ya yi haɗama. Kaka ce ma ke zuga su: "Ƙara, ɗan nan, wanda bai ƙoshi yau ba, zai shekara bai ƙoshi ba." Yaro ya ɗaga riga ya nuna mata tumbi, ta ƙwanƙwasa da yatsa ta ce akwai sauran wuri, gida ya kaure da dariya. Malamai da dama sun yi tsokaci cewa wannan magana ba ta da tushe a addini, kuma sun yi saɓani a kan ingancin hadisin yalwata wa iyali ranar Ashura. Gaskiyarsu, bai kamata a cusa wa yaro tsoro da sunan addini ba, ko a ɗura masa abinci har ya kwana da ciwon ciki. Sai dai ciyar da iyali da maƙwabta alheri ne a kowace rana, kuma ban ga dalilin da zai sa a zubar da tukunyar tare da camfin ba.

Abin da ya fi burge ni a watan nan shi ne kuɗin shara. Taubasai, wato 'ya'yan wa da ƙanwa, akwai wasa a tsakaninsu: ɗaya ubangida, ɗaya bawa, kuma a watan Cika-ciki bawa ke zuwa karɓar shararsa. Jikoki ma sukan tare kakanni, jika mace ta ce wa kakanta, "Maigida, ina kuɗin sharata?" shi kuma ya rantse ba shi da ko sisi, a yi ta ja-in-ja har ya zaro 'yan canji daga aljihu. Wasan ya wuce gida, don akwai shi tsakanin Fulani da Barebari, da tsakanin Kanawa da Zagezagi. Kuɗin ba wani abin kirki ba ne, alewa ko gyaɗa za su saya. Amma kafin yaro ya karɓa, dole uwarsa ta zaunar da shi ta warware masa: wane ɗan Gwaggonka ne, wance 'yar Kawunka ce, ga wanda kake bi, ga wanda yake bin ka. Yaron da ya tashi a birni, gidan haya, nesa da dangi, sau da yawa a nan ne kawai yake jin sunayen nan. Yanzu har ta waya ake tura shara, wannan ma madalla, muddin an miƙa wa yaron wayar ya yi tsiyar da bakinsa.

A da akwai wasan wowwo, inda samari ke kunna damin kara da dare suna wurgi da wuta. Ya ja baya ƙwarai a garuruwanmu, saboda wa'azin malamai da tsoron gobara, amma Hausawan zango a arewacin Gana har yau suna ganin irinsa a bikin Bugum na Dagombawa a Tamale, wanda shi ma a wannan watan ake yin sa. Yarbawan Epe a jihar Legas kuma suna da Kayo-Kayo, bikin ci a ƙoshi na farkon shekarar Musulunci.