BABI NA UKU: AIKIN LAUYA A FAGEN DOKOKIN WATSA LABARAI DA SADARWA DA TSARE BAYANAN JAMA'A A NIJERIYA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin kafuwar jaridu da gidajen rediyo da kamfanonin waya a Nijeriya. A wannan babi kuwa za a duba irin aikin da lauya yake yi a fagage guda uku, watau watsa labarai, da sadarwa, da tsare bayanan jama'a. Duk da cewa kowane fage yana da dokarsa da hukumarsa, za a ga cewa akasarin shari'o'in da aka yi a cikinsu suna komawa ne ga tambaya guda: wace doka ce ta ba wanda ya aikata abu ikon aikata shi? Wannan tambaya ita lauya yake fara yi, ko yana kare ɗan jarida ne, ko kamfani, ko hukuma, ko kuwa talakan da aka yi wasa da sirrinsa.

3.1 Tushen Dokokin a Tsarin Mulki

Masu iya magana kan ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Gidan duk waɗannan dokoki shi ne tsarin mulkin Nijeriya na 1999, kuma sassa huɗu ne a cikinsa suka fi shafar wannan nazari.

Sashe na 39 ya ba kowane mutum 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, da karɓar labari, da isar da shi ga wasu. Amma sashen ya yi togaciya game da rediyo da talabijin, inda ya nuna cewa ban da gwamnatin tarayya da ta jiha, babu mai mallakar irin wannan gida sai wanda shugaban ƙasa ya amince masa. Sashe na 37 ya tabbatar da sirrin 'yan ƙasa, da gidajensu, da wasiƙunsu, da maganganunsu na waya. Sashe na 22 ya ɗora wa kafofin watsa labarai nauyin sa ido a kan gwamnati, sai dai yana cikin babi na biyu na tsarin mulkin, wanda ba a kafa ƙara a kotu da shi kaɗai.

Na huɗu shi ne sashe na 45, wanda ya yarda a taƙaita 'yancin da ke cikin sashe na 37 da na 39 domin tsaron ƙasa, ko zaman lafiya, ko tarbiyya, ko lafiyar jama'a, ko kare haƙƙin wasu. Sharaɗin da ya gindaya shi ne taƙaitawar ta kasance ta hanyar doka, kuma dokar ta zama wadda hankali zai ɗauka a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Ke nan umarnin baki, ko sanarwar minista, ba su wadatar ba. A kan wannan sharaɗi ne lauyoyi suka fi fafatawa.

3.2 Jaridu da Gidajen Rediyo da Talabijin

Takura wa jaridu da doka ya samo asali tun zamanin Turawa, da dokar jaridu ta 1903 da kuma dokar 1909 wadda ta haramta tunzura jama'a a kan hukuma. Laifin tunzurawa ya ci gaba da zama a kundin dokoki har bayan samun mulkin kai. A 1982 an ɗaure marubuci Arthur Nwankwo saboda wani littafi da ya soki gwamnan Anambra na lokacin, Jim Nwobodo. A 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Inugu ta soke hukuncin, bisa hujjar cewa dokar tunzurawa ta ci karo da 'yancin magana da tsarin mulkin 1979 ya bayar. A nan an sami doka a rubuce, amma ta kasa cika sharaɗi na biyu.

Shekara guda bayan haka sai ga Dokar Soja mai lamba 4 ta 1984, wadda da ita wata kotu ta musamman ta ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara ɗaya ɗaya. Da yake dokokin soja sun hau kan tsarin mulki a wancan zamani, lauya ba shi da wata madogara da ta fi su ƙarfi. An soke dokar a 1985. Idan aka kwatanta waɗannan shari'o'i biyu za a fahimci cewa tambayar da aka ambata a gabatarwa tana da amfani ne kawai a inda tsarin mulki yake gaba da kowace doka.

Ta ɓangaren rediyo da talabijin, Dokar Soja mai lamba 38 ta 1992 ita ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talabijin ta Ƙasa, watau NBC, ta kuma buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. Sakamakon haka aka sami Raypower a Legas a 1994, da Freedom Radio a Kano a 2003, da sauransu. Hukumar tana duba takardun masu neman lasisi, tana kuma fitar da kundin ƙa'idojin aiki. Ta sha cin gidaje tara a kan saɓa wa wannan kundi. Alal misali, a watan Maris na 2019 ta ci gidaje 45 tarar naira 500,000 kowanne, a watan Agusta na 2022 kuma ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5 saboda wani shiri a kan 'yan bindiga.

Ƙungiyar Media Rights Agenda ta kai ƙara a kan tarar 2019. A watan Mayu na 2023 Mai Shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ya soke tarar. Dalilinsa shi ne hukumar ba kotu ba ce, kuma bai halatta ta zama ita ce mai ƙara, ita ce mai bincike, ita ce kuma alƙali ba. Abin lura a nan shi ne kotun ba ta tsaya tantance ko gidajen sun yi laifi ba. Abin da ta duba shi ne wanda tsarin mulki ya ba ikon yanke hukunci.

3.3 Sadarwa

An kafa Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, da Dokar Soja mai lamba 75 ta 1992, daga baya Dokar Sadarwa ta 2003 ta maye gurbinta. Hukumar ce ta yi gwanjon lasisin wayar salula a watan Janairu na 2001, inda kowane lasisi ya tashi a kan dala miliyan 285. Dokar 2003 ta ba ta ikon bayar da lasisi, da raba zangon iska da kamfanoni suke amfani da shi, da sasanta rigingimu tsakaninsu, da kare masu saye, da kuma tsara ƙa'idoji.

Batun tarar kamfanin MTN ya nuna yadda aikin lauya yake sauyawa idan doka ta fito fili. Ƙa'idojin rajistar masu layin waya na 2011 sun tanadi tarar naira 200,000 a kan kowane layi da aka bari yana aiki ba tare da cikakkiyar rajista ba. A watan Oktoba na 2015 hukumar ta ci kamfanin tarar naira tiriliyan 1.04, watau lissafin layuka miliyan 5.2. Kamfanin ya garzaya Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, amma a farkon 2016 ya janye ƙarar ya koma teburin sulhu. A watan Yuni na 2016 aka daidaita a kan naira biliyan 330 da za a biya cikin shekara uku. Inda ƙa'ida ta faɗi laifi, ta faɗi adadin tara, to, yawancin aikin lauya yakan koma neman sassauci da tsara yadda za a biya.

Akasin haka aka gani a batun Twitter. A watan Yuni na 2021 gwamnatin tarayya ta dakatar da shi, aka umarci kamfanonin waya su toshe shi, ba a buɗe ba sai a watan Janairu na 2022. Ƙungiyoyi da ɗaiɗaikun mutane sun kai ƙara Kotun Ƙungiyar Ƙasashen Afirka ta Yamma, watau ECOWAS. A watan Yuli na 2022 kotun ta yanke cewa dakatarwar ta saɓa wa 'yancin magana, domin gwamnati ba ta nuna wata doka ko umarnin kotu da ta dogara da shi ba. Wannan kotu ce kuma, a 2020 da 2022, ta umarci Nijeriya ta gyara sashe na 24 na Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wanda aka riƙa kama 'yan jarida da shi saboda kalmominsa masu faɗi irin su cin fuska da ɓata rai. An gyara sashen a 2024. Darasin da ke nan shi ne dokar da mutum ba zai karanta ya gane abin da ta hana ba, ita ma ba ta cika sharaɗi ba.

3.4 Tsare Bayanan Jama'a

Abin da ake nufi da bayanan mutum shi ne duk abin da za a iya gane shi da shi, kamar suna, da lambar waya, da hoto, da zanen yatsa, da lambar ɗan ƙasa, da bayanin asusun banki. Tun daga rajistar layukan waya, zuwa haɗa su da lambar ɗan ƙasa da aka fara a watan Disamba na 2020, irin waɗannan bayanai na miliyoyin mutane sun taru a hannun kamfanoni da hukumomi. Haɗarin da ke ciki ya bayyana a lokacin da wasu masu ba da bashi ta waya suka riƙa kwashe lambobin da ke cikin wayar wanda suka ba bashi, suna aika wa danginsa da abokansa saƙon cin mutunci idan ya makara wajen biya.

A watan Janairu na 2019 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idojin tsare bayanai, a watan Yuni na 2023 kuma aka sa hannu a kan Dokar Tsare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. A ƙarƙashin dokar, ba a taɓa bayanan mutum sai da ɗaya daga cikin waɗannan dalilai:

(a) yardar mai bayanan, wadda yake da ikon janyewa;
(b) cika yarjejeniyar da yake cikinta;
(c) wajibin da wata doka ta ɗora;
(d) ceton rai ko abin da ya yi kama da shi;
(e) aikin da ya shafi amfanin jama'a;
(f) halattacciyar buƙata wadda ba ta danne haƙƙin mai bayanan ba.

Haka kuma mutum yana da haƙƙin ya san abin da aka ajiye game da shi, ya sa a gyara kuskure, ko ya nemi a goge. Idan aka yi kutse da zai iya cutar da mutane, dole a sanar da hukuma cikin awa 72. Manyan masu sarrafa bayanai da suka saɓa ana iya cin su tarar naira miliyan 10, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin da suka samu a shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ƙanana kuwa naira miliyan 2 ne, ko kashi 2 cikin 100.

A nan tambayar ta juya. A sassan da suka gabata hukuma ake tambaya wace doka ta ba ta iko. A wannan sashe kuwa kamfani ko ofis ake tambaya da wane dalili daga cikin shida ya riƙe bayanan mutane. Bugu da ƙari, dokar ta yi wa aikin jarida rangwame idan abin da aka wallafa ya shafi amfanin jama'a, kuma a nan ne sashe na 37 da na 39 suke cin karo. Ɗan jaridar da ya buga takardar da ta tona almubazzaranci da dukiyar jama'a yana da abin kare kansa. Wanda ya buga takardar asibitin wani mutum don kawai ya ja hankalin masu karatu, zai yi wuya ya fake da wannan rangwame.

3.5 Ayyukan Lauya Kafin Kotu da Cikinta

Daga bayanan da suka gabata za a iya kasa aikin lauya gida uku. Na farko shi ne rigakafi, wanda aka ce ya fi magani. Lauya yakan duba labari ko shiri kafin a fitar da shi, musamman saboda ɓata suna, wanda laifi ne a ƙarƙashin dokar final kot da ake aiki da ita a jihohin Arewa, ban da diyyar da wanda aka ɓata wa suna zai iya nema. Yakan shirya takardun neman lasisi, ya rubuta yarjejeniyoyi, ya kuma tsara wa kamfani bayanin da zai yi wa mutane kafin ya karɓi bayanansu. Yakan kuma taimaka wa ɗan jarida ya nemi takardun gwamnati da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba ofis kwana 7 ya amsa.

Na biyu shi ne tsayawa a gaban hukuma: amsa takardar tuhuma, da gabatar da hujjoji, da neman sulhu, kamar yadda aka gani a batun MTN. Na uku shi ne kotu, inda lauya yakan nemi a sake duba matakin hukuma, ko a tabbatar da haƙƙin ɗan Adam, ko a biya diyya. Wannan aiki yana buƙatar lauya ya fahimci yadda na'urorin suke aiki, domin wanda bai san inda saƙo yake bi daga waya zuwa waya ba, ba zai iya nuna wa alƙali inda aka keta sirri ba.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an duba sassan tsarin mulki da suka zama tushe, da dokokin da suka kafa NBC da NCC da NDPC, da wasu shari'o'i daga 1983 zuwa 2023. An ga cewa inda hukuma ta kasa nuna dokar da ta dogara da ita, ko ta ɗauki aikin da na kotu ne, matakinta yakan faɗi. Inda kuwa doka ta fito fili, sai dai a nemi sassauci. An kuma ga cewa dokar 2023 ta ɗora irin wannan nauyi a kan kamfanoni da ofisoshi. A babi na gaba za a duba matsalolin da suke hana talaka cin moriyar waɗannan dokoki, musamman tsadar shari'a, da jinkirinta, da kuma kasancewar dokokin a rubuce cikin Ingilishi.