Haɗa Sautin Kewaye a Finafinan Hausa da Matsayin Harshe a Cikinsa

1.0 Gabatarwa

Tun daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya, masu nazarin finafinan Hausa sun fi mai da hankali ga jigo da zubi da waƙoƙi. Yadda ake haɗa sauti kuwa, an bar shi a matsayin aikin masu na'ura. Wannan maƙala za ta bayyana yadda ake haɗa sautin kewaye a manhajar kwamfuta, sa'an nan ta nuna cewa a fim ɗin Hausa aikin nan ya rataya ne a kan sanin harshe, domin kuskure kaɗan yana iya sauya ma'anar magana.

2.0 Ma'anar Sautin Kewaye

Sautin kewaye shi ne tsarin da ake rarraba sautin fim ga lasifikoki da yawa, ta yadda mai kallo zai ji shi daga gabansa da gefensa da bayansa. An fara gwada shi a Amurka a fim ɗin Fantasia a 1940. Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne 5.1, wanda Dolby Digital ya shigar da shi gidajen sinima a 1992. Daga baya aka sami 7.1 a 2010 da Dolby Atmos a 2012.

A tsarin 5.1 hanyoyin sauti shida ne. Uku suna gaba, watau hagu da tsakiya da dama. Biyu suna gefe zuwa baya. Ta shida kuwa ta sauti mai kauri ce, wanda kaɗawarsa ba ta wuce 120 a daƙiƙa ba, kamar rugugin tsawa. A ɗakin haɗa sauti akan ajiye lasifikar tsakiya daidai gaban mai saurare, ta hagu da ta dama a kan digiri 30, na baya kuma a wajen digiri 110.

3.0 Aikin Haɗawa a Manhaja

Manhajojin da ake wannan aiki da su sun haɗa da Pro Tools da Nuendo. Mai haɗa sauti yakan kasa abin da ke hannunsa gida uku: maganar 'yan wasa, da kiɗa, da sauran ƙararraki, ciki har da amon wuri. Kowane sauti yana da layinsa, kuma a kowane layi akwai ma'aunin ƙarfi, da abin tace kauri ko kaifi, da abin nuna lasifikar da sautin zai fito. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce magana ta zauna a tsakiya, kiɗa ya bazu a hagu da dama, amon wuri kuma ya cika baya.

Alal misali, a ɗauka cewa ana shirya fitowa a wani zaure a Durun, cikin Ƙaramar Hukumar Kabo, inda dattijo yake yi wa ɗansa nasiha. Muryoyinsu za su fito ta tsakiya. Luguden mata daga cikin gida za a kai shi baya ta hagu, a rage masa kaifi don a ji cewa akwai katanga a tsakani. Babur mai wucewa kuwa za a ja ƙararsa daga dama zuwa hagu. Da haka mai kallo zai ji kamar yana zaune a zauren.

4.0 Abin da Hausa ke Bukata

Hausa harshe ne mai karin sauti da tsayin wasali da baƙaƙe masu lanƙwasa, kuma kowannensu yana bambanta ma'ana. Karin sauti ne ya raba kuka na hawaye da kuka ta miya. Tsayin wasali ne ya raba gari na mazauni da gari na tuwo. Lanƙwasa ce ta raba kafa da ƙafa. Har a nahawu ma haka abin yake: "ya zo" na labari da "ya zo" na umarni rubutunsu ɗaya, kunne ne kaɗai ke rarrabe su.

Tushen karin muryar balagagge yana tsakanin kaɗawa 85 zuwa 255 a daƙiƙa, alamomin baƙaƙe kuwa galibi suna sama da 2,000. Idan kiɗan fiyano mai bin karin waƙa ya cika wurin da murya take, hawa da saukar maganar za su cakuɗe da nasa. Wannan matsala ce babba a Kano, inda tun ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya zama ginshiƙin kiɗan fim. Haka nan idan aka yawaita amsa-kuwwa a lasifikokin baya, gajeren wasali zai ja, a ji shi kamar dogo. Saboda haka wajibi ne a bar hanyar tsakiya ga magana, a sassauta kiɗa duk lokacin da ɗan wasa ya buɗe baki.

Akwai kuma batun ganguna. A ƙa'idar da aka gada daga Turawa, ganga kiɗa ce, wurinta gefe ko baya. Amma kalangu yana kwaikwayon karin harshe, yana yin take, wanda ya san taken kuma yana jin abin da ake faɗi. In fitowar ta dogara ga take, to kalangun ya zama mai magana, ya kamata a kawo shi gaba. Jefa shi baya tamkar rufe bakin ɗan wasa ne.

5.0 Mai Kallo a Karkara

Mafi yawan masu kallon finafinan Hausa ba a sinima suke kallo ba. A garuruwa irin su Durun da Gwarzo, wayar hannu da ƙaramar talabijin ne suka fi yawa, lasifika ɗaya ko biyu ke nan. A nan na'ura takan naɗe hanyoyi shida su koma biyu: ana rage tsakiya da baya da desibel 3 a zuba su cikin hagu da dama, hanyar sauti mai kauri kuwa yawanci zubar da ita ake yi. Sakamakon haka, luguden da ke can baya zai dawo ya hau kan muryar dattijo, tambarin da aka sa a hanya ta shida kaɗai kuma zai ɓace. Maganin wannan shi ne kada a danƙa wa hanya ta shida wani sauti mai ɗauke da ma'ana, a kuma shirya haɗi na daban mai hanya biyu, a saurare shi a waya kafin a saki fim.

6.0 Kammalawa

An ga cewa sautin kewaye yana ba fim ɗin Hausa damar sake gina zaure da kasuwa da fada a kunnen mai kallo. An kuma ga cewa wajen amfani da ƙa'idojinsa dole ne a lura cewa a Hausa karin sauti yana sauya ma'anar kalma. Ke nan akwai aiki a gaban sassan koyar da Hausa: su shigar da haɗa sauti cikin darussan nazarin fim, su kuma koya wa masu haɗa sauti ilimin furuci. Ma'aunin haɗi mai kyau shi ne mai kallo a Durun, da waya a hannunsa, ya ji kowace kalma yadda aka furta ta.