Gangar da ta fashe a ramin gishiri

Ƙarfe 11 da 'yan mintuna na daren 14 ga Fabrairun 2014, ƙararrawa ta kaɗa a WIPP, rumbun da Amurka ke binne sharar masana'antar makaman nukiliya kusa da Carlsbad, a jihar New Mexico. Ɗakunan rumbun suna can zurfin mita 655, an sassaƙa su cikin dutsen gishiri. A wannan dare ko mutum ɗaya babu a ƙasa. To, me ya motsa?

Abin da ya fara ɗaure kai shi ne yadda aka tsinci burɓushin fulutoniyom da amerisiyom a sarari. Ai an tsara wurin ne ta yadda da zarar na'ura ta sansano guba, ƙyamaren ƙarfe na hanyar iska za su rufe ba tare da kowa ya je ya taɓa su ba, iskar ta bi ta matata. Ƙyamaren sun rufe kuwa, sai dai ba su liƙe ruf ba, kaɗan daga iskar ta sulale ta gefe. Gwaji ya nuna ɗan burɓushin a jikin ma'aikata sama da 20. Daga baya da kumfa aka toshe kafofin, abin da ni dai har yanzu nake jin kamar wasa.

Saura asalin gubar. Zargi ya fara sauka kan wata motar ɗaukar gishiri da ta kama wuta a ramin kwana tara kafin nan, amma inda ta ƙone da nisa daga sharar. Aka koma tunanin ko rufin ne ya rufto, tunda gishiri yakan matso sannu a hankali. Da masu bincike suka sauka a watan Afrilu, sanye da kayan kariya, suka tarar da rufin ɗakin da ake zargi, ɗaki na 7 a sashe na 7, lafiya lau.

Sai a watan Mayu kyamarar da aka ɗaura a dogon sanda ta leƙa saman jerin gangunan sharar da ke ɗakin. Ga wata ganga murfinta a ɗage, bakinta ya yi baƙi da alamun zafi. Lambarta 68660, daga cibiyar binciken Los Alamos.

Takardunta suka ƙarasa labarin. Cikinta gishirin naitiret ne mai danshi, kuma an saba tsotse irin wannan danshi da ƙasar da ake zuba wa kyanwa ta yi bahaya, wadda ake yi da yumɓu. Da aka sabunta ƙa'idar aiki a 2012, kalmar da ta shiga takarda ta nuna nau'in da ake yi da tsiro, aka sayo na alkama. Naitiret yana rura wuta, alkama kuwa makamashi ce. Aka haɗa su ganga ɗaya aka rufe, zafi ya yi ta taruwa makonni har murfi ya ba da kai.

Ɗaruruwan ganguna aka cika da wannan haɗi, dole aka toshe ɗakunan da suke ciki. Rumbun bai sake karɓar shara ba sai a 2017.