Kasuwar Kaset Ta Mutu, Tsofaffin Waƙoƙin Hausa Na Neman Mai Adanawa

LAFIYA: A lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga tsohuwar Jihar Filato a shekarar 1996, sayar da kaset sana'a ce mai riba a birnin Lafiya. Direbobin da ke bin hanyar Makurɗi zuwa Akwanga ba sa rabuwa da waƙoƙin Alhaji Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos. A yau masu tura waƙa a waya sun maye gurbin masu kaset, kuma abin da ya saura na asalin waɗannan waƙoƙi yana hannun 'yan tsirarun masu tara kayan tarihi da gidajen rediyo.

Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963, sannan faifan CD ya shigo kasuwa a 1982. Kafin su, a faifan garmaho ake ɗaukar mawaƙan Arewa, ko a manyan zaren ɗaukar murya na Rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962. Kowane sabon salo ya kori na gabansa, amma ba duk waƙoƙin ba ne suka samu ƙaura zuwa sabon gida da ingancinsu.

Dalili kuwa shi ne, yawancin abin da ake turawa a waya an kwafo shi ne daga kaset ɗin da shi ma kwafi ne. Bugu da ƙari, tsarin MP3 yana matse sauti: wanda aka fi amfani da shi yana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin 11 na bayanan da ke cikin faifan CD. A nan ne zaƙin kalangu da kotso ke dusashewa, amshin 'yan amshi ya cakuɗe, har mai saurare ya kasa tantance sunayen mutanen da ake yi wa kirari.

Shi kansa zaren kaset ba ya jure zafi da laima da ƙura. Amma babbar barazana ita ce ƙarewar na'urorin kunna shi da kayan gyaransu. A 2019 hukumar UNESCO, tare da ƙungiyar ma'aikatan adana sauti ta duniya, IASA, ta yi gargaɗin cewa nan da wajen 2025 kunna irin wannan zare zai yi matuƙar wuya. Ƙungiyar tana ba da shawarar a kwafe tsohon sauti cikin inganci mafi girma, wanda ya zarce na CD, ba tare da an matse shi ba.

Ta fuskar tattalin arziki, asarar ba ƙarama ba ce. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Ɗanmaraya kuma a 2015. Babu sauran damar sake ɗaukar muryoyinsu. Magada ba za su iya sayar da waƙa a kasuwar intanet da daraja ba sai da kwafi mai tsabta, duk da kariyar da sabuwar dokar haƙƙin mallaka, wadda aka sanya wa hannu a 2023, ta tanadar musu. Tsohon kaya kuma yakan sake yin daraja: a Amurka, kuɗin cinikin faifan garmaho ya zarce na CD a 2020.

Saboda haka, kwalin kaset da ke ajiye a wani shago ko zaure a Lafiya jari ne, ba tarkace ba. Birnin na da gidan rediyon jiha da Jami'ar Tarayya, waɗanda za su iya karɓar aron irin wannan kaya, su kwafe, su mayar wa masu shi. Aikin zai fi sauƙi da araha a yau, tun akwai sauran na'urori masu aiki da masu gyaran rediyo da suka san cikinsu.