Kallon Fim Ba Ya Sauke Nauyin Karatun Littafi

Wata magana ta samu gindin zama a tsakanin ɗaliban sakandare a Birnin Kudu da Gwaram, har wasu iyaye sun fara mara mata baya, wai duk littafin da aka mayar da shi fim, wanda ya kalli fim ɗin ya gama da littafin, domin gani ya kori ji. Abin haushin shi ne da yawa daga masu faɗin haka ko fim ɗin ba su kalla har ƙarshe ba, gutsure ne aka tura musu a waya, suka taru su biyar ko shida a kan allo ɗaya suna kallo suna hira, sannan su tashi suna jin sun zama malaman adabi. Tsadar littattafai da ƙarancinsu a makarantu suna da nasu laifin, amma babban ciwon shi ne wannan gurguwar fahimta.

Littafin Shaihu Umar ya isa misali. Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta shi lokacin yana malamin makaranta a Bauci, domin gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, gasar da ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Daga baya Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da labarin wasan kwaikwayo, sannan a 1976 Adamu Halilu ya ba da umarnin fim ɗinsa, inda Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Ke nan kafin labarin ya isa idon mai kallo ya bi ta hannuwa da dama, kuma kowane hannu ya zaɓa, ya rage, ya ƙara gwargwadon buƙatar sana'arsa.

A nan hujjar masu cewa gani ya kori ji take rushewa, domin abin da mai kallo yake gani karatun darakta ne, wato fahimtar mai ba da umarni game da littafin. A littafin, Shaihu Umar da bakinsa yake ba almajiransa na Rauta labarin rayuwarsa, tun daga haihuwarsa a Kagara, da makircin da fadawa suka ƙulla wa Makau mijin mahaifiyarsa har aka kore shi daga gari, da sace shi yana ƙaramin yaro, da yadda Balarabe Abdulkarim ya ƙetare hamada da shi zuwa Masar ya sa shi karatu, har zuwa faɗawar mahaifiyarsa cikin bauta garin nemansa. Fim ɗin ma da zaman malami da almajirai ya buɗe, amma da zarar hoto ya karɓi labari, muryar dattijon da ke ambaton kowace masifa cikin natsuwa, yana mayar da al'amari ga ƙaddara, sai ta ja baya. Wannan murya kuwa ita ce salon marubucin, wato hanyar da ya bi wajen zaɓen kalmomi da jera su, kuma a kanta ake tambayar ɗalibi, tare da jigo, wato saƙon labarin, da zubi da tsari. Kyamara tana iya nuna ayarin raƙuma da shigar fadawa fiye da yadda alƙalami zai kwatanta, wannan kuwa falalarta ce da ba a musu, sai dai ba ta koya wa yaro ƙa'idar rubutu, ba ta kuma nuna masa yadda ake gina jimla. Wanda ya shiga jarrabawa da abin da ɗan wasa ya furta, yana zaton kalaman marubuci ne, ya yaudari kansa.

Tarihin fim ɗin kansa ma ishara ne, domin ya shafe shekaru masu yawa ba a ganinsa, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. A duk tsawon wannan lokaci littafin bai bar hannun makaranta ba, Mervyn Hiskett ma ya riga ya fassara shi zuwa Turanci tun 1967.

Saboda haka ya wajaba ɗalibi ya fara da littafi, ya karanta shi babi bayan babi, yana rubuta sunayen taurari da garuruwan da labarin ya ratsa, kafin ya nemi fim. Idan ya zo kallo, ya riƙe takarda da biro, ya lura da abin da aka tsallake da abin da aka ƙara, ya tambayi kansa dalili. Malamin Hausa kuma kada ya kunna fim don ya cike lokacin darasi, gara ya sa a karanta babi ɗaya a bayyane, a kalli ɓangaren da ya dace da shi, a tafka muhawara. Inda littafi ya yi ƙaranci, ɗalibai su haɗa kuɗi su sayi ɗaya su riƙa karɓa-karɓa, tsofaffin ɗalibai na makarantu irin su Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu kuma su sa sayen littattafan Hausa cikin gudummawar da suke bayarwa. Uban da yake iya saya wa ɗansa data duk mako ba shi da uzurin barinsa ba littafi ko ɗaya a jaka.