Layin Dogon Bauchi: Yadda Tafawa Ɓalewa Ya Jure wa Masu Shakka

Duk ɗan kasuwar da ya bi ta tashar jirgin ƙasa ta Bauchi, da wuya ya tuna cewa saura ƙiris da ba a shimfiɗa layin ba.

Har zuwa shekarun 1950 jirgin ƙasa bai taɓa shiga birnin Bauchi ba. Ƙaramin layin da Turawa suka sa wa sunan Bauchi, tsakanin Zariya da Jos ya tsaya, domin kuza aka yi shi, kuma an rufe shi a 1957. Saboda haka gyaɗa da auduga da fatun arewa maso gabas sai sun sha doguwar tafiya a mota kafin su riski dogo, kuɗin dako kuwa daga aljihun manomi yake fita.

Da aka kawo shawarar miƙa layi zuwa Barno, masana sun nuna shakka. Tawagar Bankin Duniya da ta binciki tattalin arzikin Nijeriya a 1953 ta ga cewa hanyar mota za ta fi araha. Amma Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗan Bauchi, wanda ya riƙe ma'aikatar sufuri kafin ya zama Firayim Minista a 1957, bai janye ba. Hujjar masu goyon bayan aikin ita ce, ƙarancin kaya a yankin ya samo asali ne daga rashin hanyar fitar da su; in an samu dogo, noma zai bunƙasa.

A 1958 Bankin Duniyar da kansa ya ba da rancen dalar Amurka miliyan 28 domin harkar jiragen ƙasa, wanda shi ne rancensa na farko ga Nijeriya. A shekarar aka soma aiki daga Kuru, kusa da Jos. Layin ya iso Bauchi a 1961, ya ratsa Gombe, ya dangana da Maiduguri a 1964, tsawon kimanin kilomita 640. Ɓalewa ya ga kammaluwarsa kafin a kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966.

Sai dai masu shakkar ba su yi kuskure ɗungurungum ba. Da noman gyaɗa ya ja baya a shekarun 1970, manyan motoci suka ƙwace dakon kaya, rashin gyara kuma ya durƙusar da layin. A watan Maris na 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin farfaɗo da shi daga Fatakwal zuwa Maiduguri.

Darasin da 'yan kasuwa za su ɗauka biyu ne. Shugaba mai hangen nesa yakan saurari masu shakka, ya amsa musu da hujja har su zuba kuɗinsu. Sannan dole a tanadi kuɗin gyara da kayan da za a ɗauka tun ranar da aka aza harsashi, in ba haka ba jarin ya tafi a banza.